Kuɗin marayu a cacar farashi: da gaske ne hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ba ta karɓar ko kwabo?

Baban_Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka san harkar haraji a nan Birtaniya, don Allah ku taimaka min. Yayana ya rasu bara a Lesta, Allah ya jiƙansa. Ya bar wasiyya a hannun lauya cewa rabon 'ya'yansa uku a riƙe shi amana har kowannensu ya cika shekara 18. Mu biyu ne amintattu, ni da ƙanen matarsa. Kuɗin na nan a banki, kusan fam dubu 90. Da muka zauna da wani akanta ya ce duk abin da kuɗin ya haifa gwamnati za ta yanki kashi 45 cikin ɗari, tunda tarawa ake yi, ba a raba wa yaran. To shi abokin riƙon nawa yana wannan cacar farashin da ake yi ta waya, wadda za ka ce FTSE 100, ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanoni a kasuwar Landan, zai hau ko zai sauka, a biya ka a kan kowane maki. Ya ce tunda ya fara HMRC ba ta taɓa karɓar ko kwabo a hannunsa ba, don haka mu buɗe asusu da sunan amanar mu zuba fam dubu 20, abin da aka samu na yara ne baki ɗaya. Tambayata ita ce, wannan rangwamen na mutum shi kaɗai ne, ko ya haɗa da dukiyar amana?

MamanHafsa: Innalillahi. Allah ya jiƙan Yaya, ya raya abin da ya bari. Baban Khalifa, kuɗin marayu fa ka ce?

Baban_Khalifa: Amin Anti. Ban ce zan yi ba. So nake in je masa da hujja, don duk abin da na faɗa sai ya ce ban san kasuwa ba.

Akanta_Bamingam: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa. Zan tsaya a kan harajin kawai, sauran in bar wa masu shi.

Abin da surukinku ya faɗa game da kansa gaskiya ne. Dokar harajin ribar kadara ta 1992, sashe na 51, ta ce abin da aka ci a caca ba riba ce da ake karɓar haraji a kanta ba. Ta ɓangaren harajin kuɗin shiga kuwa, tun 1925 aka yanke a shari'ar Graham da Green cewa mutumin da ke rayuwa da cacar tseren dawaki ba sana'a yake yi ba a idon doka, komai ƙwarewarsa. HMRC ta sa cacar farashi a wannan layin. Babu kuma harajin hatimi na rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ake biya idan an sayi hannun jari, tunda ba abin da ka saya. Gwamnati tana samun nata ne daga kamfanin cacar, wanda ke biyan kashi 3 cikin ɗari na abin da ya rage a hannunsa.

Sashe na 51 bai ce "mutum ɗaya" ba, kan abin da aka ci yake magana, ko wa ya ci. Don haka a fahimtata amintattu ma sun shiga. Kamfani ne labarinsa daban: idan kamfani ya yi irin wannan cacar, dokar harajin kamfanoni ta 2009 tana lissafa ta cikin ribarsa, a biya.

Amma ka tambayi surukin naka abu ɗaya: asarar fa? Tunda ba a karɓa a kan riba, ba a rage maka komai a kan asara. Idan fam dubu 20 ɗin suka tafi, sun tafi ke nan, ba za ku iya cire su daga wata ribar da amanar ta samu ba.

Sarkin_Maki: Yauwa, Akanta ya gama magana. Amsar tambayar ita ce eh, babu haraji. Ni ma ina yi, kuma masu kiran abin caca ba su taɓa zama gaban jadawalin farashi ba. Sai ka karanta rahoton Bankin Ingila, ka bi alƙaluman hauhawar farashi, ka san inda za ka sa iyakar asara, wato farashin da in an kai shi za a rufe maka cinikin. Ilimi ne, ba kamar karta ba.

Barista_Zee: @Sarkin_Maki, sannu da ƙoƙari, amma ka lura da abin da ka faɗa. In dai ilimi ne kuma sana'a ce, to ka je ka gaya wa HMRC haka mu gani. Ba don komai suka ƙyale ku ba sai don sun ce caca ce.

Baban Khalifa, Allah ya ba ku haƙuri. A nan ne gizo ke saƙar, kuma ba wajen haraji ba ne. Ku biyun nan ba masu kuɗin ba ne, riƙo aka ba ku. Abin da za ku iya yi da su yana cikin wasiyyar ne da kuma Dokar Amintattu ta 2000. Dokar ta ba ku ikon zuba jari mai faɗi, amma ta ɗaure ku da sharuɗɗa: ku duba ko jarin ya dace da masu dukiyar, ku rarraba kada ku tara wuri ɗaya, ku nemi shawarar wanda ya san harkar kafin ku zuba, ku riƙa bibiya. Yanzu ka faɗa min wane mai ba da shawara ne mai lasisi zai sa hannu a takarda cewa cacar farashi ta dace da yara uku da ke jiran kuɗin makaranta.

Ka ga ku biyu za ku tsaya gaban hukumomi biyu da baki biyu. A gaban HMRC ku ce caca ce, kada a karɓi haraji. A gaban alƙali, ranar da ɗayan yaran ya girma ya nemi lissafi, ku ce jari ne, muna da iko. Takardar da kuka kare kanku da ita a can ita za a karanto muku a nan.

Dan_Fagge: Barista ta kashe bakin zaren wallahi.

Sarkin_Maki: Barista, ai dokar da kika kawo ita ta ce amintacce zai iya zuba kowane irin jari kamar kuɗinsa ne. Sashe na 3. Ko ba haka ba?

Barista_Zee: Haka ne, ka karanta sashe na 3. Ka ƙarasa zuwa na 4 da na 5, nan sharuɗɗan suke. Sannan kotunan Ingila tun 1887, a shari'ar Learoyd da Whiteley, suka ce ma'aunin shi ne mutum mai hankali da ke zuba kuɗi saboda waɗanda nauyinsu ke wuyansa, kuma dole ya guji abin da ke da kasada ko da yana cikin jerin abin da aka halatta masa. A 1980 an kama kamfanin amana na bankin Barclays da laifi a shari'ar Bartlett, don ya zuba ido aka sa dukiyar amana a wani aikin gine-gine na kasada a Landan. Can ma ƙasa ce da gini, abin da ido ke gani.

Ga abin da surukin naku ya kamata ya ji da kyau: idan aka ci, ribar ta yara ce, shi ba ya da ko fam ɗaya. Idan aka faɗi, shi da kai za ku biya daga aljihunku, kuma ana iya bin kowanne a cikinku a kan duka kuɗin. Cewa "ai shi ya danna, ni sa hannu kawai na yi" ba ta fid da kai. Wa'adin shigar da ƙara ma ba ya fara ƙirga wa yaro sai ya cika 18.

Baban_Khalifa: Barista, har ni? Ko asusun ban san yadda ake buɗe shi ba.

Barista_Zee: Har kai. Kamfanin ba zai buɗe asusu da sunan amana ba sai ya ga takardar amanar da sa hannun amintattu. Ranar da ka sa hannu ka shiga.

Malam_Shafild: Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mamaci. Na ga ana ta kawo sassan doka, ba wanda ya kawo aya. Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haɗa caca da giya wuri ɗaya ta ce a nisance su. Suratul An'am aya ta 152 ta ce kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Ga kuma gargaɗin Suratun Nisa'i aya ta 10 a kan masu cin dukiyar marayu. To an haɗa biyun a kwano ɗaya. Ni ko da gwamnati za ta ƙara muku tukuici a kai, ban ga hanya ba. Kuma a yawancin waɗannan asusun akwai kuɗin ruwa da ake cirewa kowane dare idan ka bar cinikinka a buɗe, wato ga riba ta shigo ta uku.

Sarkin_Maki: Allah gafarta Malam, amma ai Sayyidina Umar ya ce a yi kasuwanci da dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. Barin kuɗin a banki hauhawar farashi na cin su shi ma ai cutarwa ce.

Malam_Shafild: Ya faɗa, Allah ya ƙara masa yarda, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi aiki da maganar. Kasuwanci ya ce. A kasuwanci akwai haja da ka mallaka, ka sayar. A naka me ka mallaka? Rabin maganarka ta biyu kuwa na yarda da ita, bai kamata a bar kuɗin suna kwance ba.

Injiniya_Rabi: Bari in sa lissafi don waɗanda ba su san yadda abin ke tafiya ba, kamar MamanHafsa da ni kafin in bincika. A ce FTSE 100 yana kan maki 8,000, ka ce zai hau, fam 10 a kowane maki. Ka ɗauki nauyin fam 80,000 ke nan. Kafin alƙalamin da za a nema a hannunka kashi 5 cikin ɗari ne, fam 4,000. Kasuwa ta sauka da kashi 5 cikin ɗari, maki 400, sau 10, fam 4,000. Kafin ma a kai nan kamfanin zai rufe maka cinikin idan ba ka ƙaro kuɗi ba. To mai fam dubu 20 a asusu, da zuciyar "yara za su samu", fam 10 zai tsaya? A Maris na 2020 akwai ranar da FTSE 100 ya faɗi fiye da kashi 10 cikin ɗari a wuni ɗaya.

Hukumar FCA mai sa ido kan kamfanonin kuɗi a Birtaniya da kanta ta duba asusun mutane a 2016 a kan CFD, wato yarjejeniyar biyan bambancin farashi, ɗan'uwan wannan cacar, ta ce kashi 82 cikin ɗari asara suka yi. Shi ya sa yanzu kowane kamfani dole ya rubuta a shafinsa kashi nawa na abokan cinikinsa ke faɗuwa. Baban Khalifa ka ce wa surukinku ya buɗe shafin kamfaninsa a gabanka ku karanta tare.

MamanHafsa: Wato shi ya sa gwamnati ta yi shiru. Da masu ci sun fi yawa da tuni ta miƙo hannu.

Akanta_Bamingam: Anti kin gano. Idan ta ce za ta karɓa a kan riba, dole ta yarda a cire asara, kuma masu asarar sun fi yawa.

Tunda Injiniya ta ambaci CFD, kada a rikita su. A waya kamanninsu ɗaya, a haraji kuwa hanya ta rabu. CFD ana biyan harajin ribar kadara a kansa, ana kuma cire asararsa. Ga amintattu harajin kashi 24 cikin ɗari ne tun 30 ga Oktoba 2024, kuma abin da aka yafe musu a shekara fam 1,500 ne, rabin na mutum ɗaya. Na taɓa ganin wanda ya shekara yana zaton cacar farashi yake yi, ashe asusun CFD ya buɗe, sai da takardar ƙarshen shekara ta zo.

Tsohon_Dillali: Ku bar ni in ɗan ja da Akanta a kan "amintattu ma sun shiga". Ta ɓangaren ribar kadara na yarda. Ta ɓangaren kuɗin shiga ni ba zan rantse ba. HMRC da kanta ta ce idan cacar tana cikin wata sana'a, misali ɗan kasuwa ya yi ta don ya kare kansa daga faɗuwar farashin kayansa, to ta zama ta sana'ar, a biya haraji. Shari'o'in da ake kafa hujja da su duk a kan mutum ne da kuɗinsa da son ransa, har da ta ɗan kartar nan Hakki a 2014. Amintattu kuwa ba su da son rai, aikinsu neman wa wasu riba ne, da rubutaccen tsari da zaman shawara. Jami'in da ya so ja yana da inda zai kama. In kuwa ya yi nasara kashi 45 ɗin da aka guda shi za a tarar.

Akanta_Bamingam: Baba, ban ƙi taka ba, amma tsari da ƙwarewa kaɗai ba sa mai da caca sana'a, wannan matsayin HMRC ne a rubuce. Ni dai zan ce ƙofar ba a kulle take ba. Wanda zai yi, ya samu ra'ayin ƙwararre a rubuce tukuna.

Tsohon_Dillali: To mun haɗu a tsakiya. Ni na ga 15 ga Janairu 2015 da idona, ranar da babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa daga yuro. Cikin mintuna farashi ya tsallake duk iyakar asarar da mutane suka sa, aka wayi gari ana bin su bashin da ya ninka abin da suka zuba. Kamfanin dillanci Alpari na nan Birtaniya ya durƙushe a kan wannan. @Sarkin_Maki, iyakar asarar da kake taƙama da ita ranar ba ta yi aiki ba.

Sarkin_Maki: Baba wannan tsohon zance ne. Tun 2018 aka hana a bi ƙaramin ɗan kasuwa bashin da ya wuce abin da ke asusunsa, FCA ta tabbatar da dokar a 2019. An kuma rage ninkin, wato sau nawa nauyin da ka ɗauka zai iya fin kafin alƙalaminka: 30 a manyan kuɗaɗe, 20 a manyan ma'aunan kasuwa, 5 a hannun jarin kamfani guda.

Tsohon_Dillali: Gaskiyarka. Yanzu abin da ke asusun kawai za a rasa. Fam dubu 20 na marayu.

Dan_Fagge: Ni ina Kano amma ina bin zaren. Mu nan ko maganar haraji ba a kaiwa, an kwashe kuɗin. MMM a 2016, CBEX a 2025, kuma duk da "ai ni na san kan abin" ake farawa. Wannan rangwamen ya shafi wanda ke Najeriya?

Akanta_Bamingam: A'a ɗan'uwa, dokar Birtaniya ce ga wanda ke biyan haraji a Birtaniya. Kuma a yi adalci, kamfanonin nan suna da lasisin FCA, ba irin su MMM ba ne. Ɗaya daga cikinsu, IG, tun 1974 yake. Kuɗinka za ka rasa a kasuwa, ba gudu za a yi da su ba.

Bakano_a_Gilasgo: Ƙarin bayani ga 'yan Sikotilan da ke karantawa: dokar 2000 da Barista ta kawo ta Ingila da Wales ce, mu nan dokar amanarmu daban take. Amma nauyin kula da dukiyar yana nan, HMRC ɗin ma ita ce dai.

HajiyarZinari: Ni duk wannan turancin bai dame ni ba. In dai gudun haraji ake, a saya wa yara zinari mana. Tsabar zinarin Britannia da Sovereign ba a biyan harajin riba a kansu tunda kuɗin ƙasa ne a doka, ba a kuma biyan VAT. Ka riƙe abinka a hannu, ka san nauyinsa, Malam ma ba zai yi faɗa ba.

Malam_Shafild: Hajiya ba zan yi faɗa ba, sai dai in tuna miki zakka duk shekara.

Barista_Zee: Hajiya, wani kaso ƙila, amma ba duka ba. Zinari ba ya haihuwa, ga kuɗin ajiya da inshora, kuma sharaɗin rarrabawa yana nan. Kada kuma a kai shi ƙarƙashin gadon wani daga cikin amintattu.

Akanta_Bamingam: Mun yi nisa, bari in dawo da mu kan kashi 45 ɗin, don shi ne ya jawo duk wannan. Baban Khalifa, akantan da kuka gani ya yi muku maganar fom VPE1? Yaron da bai kai 18 ba kuma ɗaya daga cikin iyayensa ya rasu, doka tana kallonsa a matsayin mai rauni. Idan amanar ta fito daga wasiyyar mahaifi kuma yaron zai karɓi dukiyarsa kacokan a 18, amintattu da mai kula da yaron suna iya cike wannan fom, sai a lissafa harajin kamar kuɗin na yaron ne kai tsaye. Kowane yaro yana da fam 12,570 a shekara da ba a taɓawa. Ka raba fam dubu 90 uku, ka ga abin da kowane kaso zai haifa a shekara, ko kusa da wannan adadin ba zai je ba. Wato harajin da ake son a shiga caca don a guje masa, mai yiwuwa da takarda ɗaya zai koma kusan babu. Akwai wa'adin shigar da fom ɗin, kuma in an shigar ba a janyewa, don haka kada a yi sanya.

Irin wannan amanar ta marayu kuma ba ta shiga harajin gado na duk shekara 10 da ke kan sauran amanoni, wanda ke kaiwa kashi 6 cikin ɗari. Amma sai an karanta wasiyyar. Idan ta ce 21 ko 25 maimakon 18, lissafin ya canja.

Baban_Khalifa: Wallahi bai ambata ba. 18 aka rubuta, na sake dubawa yanzu. Uwar yaran ce za ta sa musu hannu ke nan?

Akanta_Bamingam: Ita ce, tare da ku. Ku nemi akantan da amana ce aikinsa, ba kowane ne ya saba da ita ba.

Injiniya_Rabi: Kuma akwai inda za a sa kuɗin ba tare da an saɓa wa Malam ba. Bankunan Al Rayan da Gatehouse suna da ajiya ta tsarin Musulunci, akwai asusun hannun jari da ake tacewa bisa shari'a. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta fitar da sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci, a 2014 da 2021.

Sarkin_Maki: Duk na ji. Amma a rubuta cewa tambayar da aka yi ta haraji ce, kuma amsarta ba ta canja ba. Idan mai kafa amana yana raye, kuɗinsa ne, ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ya yarda a yi cacar farashi da wani kaso, sai me?

Barista_Zee: Wannan wata amanar ce daban. Idan takardar ta ba da iko a fili, ta kuma sauke wa amintattu nauyin asara, kotu tana mutunta irin wannan sharaɗin matuƙar babu ha'inci, haka aka yanke a Armitage da Nurse a 1997. Sai dai idan mai kafawar ko matarsa na cikin masu amfana, harajin kuɗin shiga kansa yake komawa, ka ga wahalar kafa amanar ta zama ta banza, gara ya yi da sunansa. Sannan abin da aka ci yana ƙara wa dukiyar amanar nauyi, harajin shekara 10 zai same shi. Yayan Baban Khalifa dai bai rubuta haka ba.

Tsohon_Dillali: Ni har a wannan ɗin ina nan kan bakana game da kuɗin shiga. Iko a rubuce ma ƙara wa jami'in hujja yake.

Akanta_Bamingam: Baba ba za mu gama wannan yau ba.

MamanHafsa: Baban Khalifa, uwar yaran ta san ƙanenta ya kawo wannan shawarar kuwa?

Baban_Khalifa: Ba ta sani ba Anti. Ranar Asabar za mu haɗu a gidan, zan fara da maganar fom ɗin tunda dole sai da sa hannunta. @Akanta_Bamingam na turo maka saƙo ta gefe.